Garin da 'Yata Ta Gano Mini

Ƙarar zif ce ta fara komai. Wata asubar Litinin ina kwance, idona biyu amma jikina ya ƙi tashi, sai na ji ana jan zif a falo, a ja a tsaya, a ja a tsaya, irin jan mai gudun kada ya tashi yara. Maigidana ne yake rufe ƙaramin akwatin da ya sayo ranar Asabar, baƙi mai ƙafafu, irin wanda ake shiga da shi cikin jirgi. Kamfanin haɗa magungunan da yake wa aiki ne suka tura shi Cork, wani gari a bakin teku a ƙasar Ireland, inda suke da masana'anta. Shi ke duba kwamfutocin da ke tafiyar da injina. Iyakar abin da na fahimta ke nan, shi ma ya gaji da yi mini bayani. Ya ce tafiya ɗaya ce, in ta yi yawa biyu. Na tashi na dama masa kunu, na raka shi bakin ƙofa da addu'a, na tsaya ina jin ƙafafun akwatin suna bugun matakala har ƙasa, don lif ɗin gidanmu na Tottenham, a nan London, ya fi yawan kwana a lalace.

Tafiya ɗayar nan ita ta zama rayuwarmu. Ya tafi Litinin, ya dawo Alhamis. Wani makon sai Juma'a, in ya kira da yamma murya a mace ya ce an yi cancel ɗin jirginsu, hazo ya rufe filin jirgin, wai a kan tudu suka gina shi. Na saba da jin haka har nakan rage hannu a tuwon Alhamis sai na ji ya ce ga shi sun tashi.

Ni 'yar gidan da ba a barin matafiyi ya fita ba guzuri ce. Makon farko dambun nama na yi masa, na kwana ina daka ina soyawa, ya dawo ya ce kada in ƙara, an hana shiga da nama daga nan. Sai na koma cincin da ƙuli-ƙuli da dabino da garin kunun gyaɗa, da ɗan yaji a kwalba don ya yayyafa wa kifin da ya ce shi kaɗai yake iya ci hankali kwance. Tsaraba kuwa, me mutum zai kawo daga garin da bai sani ba sai hanyar otal zuwa masana'anta? Ƙananan sabulai na otal yake kawowa, da biskit ɗin da suke ajiyewa kusa da butar shayi. 'Yarmu ta fari, a lokacin tana shekara tara, ita ke tara sabulan a kwalin takalmi, ba ta yarda a taɓa. Ƙaninta kuwa bai fi shekara uku ba, abin da ya sani kawai shi ne in ya ga baƙin akwati a bakin ƙofa ya hau kansa ya zauna.

Garin da nake ji a bakin maigida guntu-guntu ne. Ya ce kogi ya rabu biyu ya zagaye tsakiyar gari, ko'ina ka juya gada ce, unguwanni kuma sun hau tuddai kamar an jingina su. Ya ce ruwan samansu ba ya zuba kamar namu na gida, yayyafi ne mara ƙarewa da ke shiga wuyan riga. Ya ce jirgin safiyar Litinin fuskoki ɗaya ne kullum, maza da mata da jakunkunan kwamfuta, an san juna amma ba a gaisawa, kowa ya sauka ya nufi tasi. Direbobin tasi ne masu surutu, kafin a kai ka otal sun san garinku da yawan 'ya'yanka. Otal ɗin ma na irinsu ne, ya cika Litinin ya zube Alhamis, kamar kasuwar ƙauye. Ina jin wannan duka ina wanke-wanke ko ina ninke kaya, ina cewa to, to. Gaskiya ban so garin ba. Ban taɓa ganinsa ba, amma shi ne yake cinye mini rabin kowane mako.

Ba wai wani babban abu ne ya gajiyar da ni ba. Kai yara makaranta cikin sanyi da keken yaro. Hawa bene da ledoji a hannu biyu da yaro a baya. Tarin da ke kama ƙaramin duk hunturu, da zaman jiran layin likita a waya tun da safe. Wasiƙun council, wato ƙaramar hukuma, da nake ajiyewa a kan firij sai Alhamis. Ƙwan fitilar banɗaki da ya mutu ranar Talata. Da na yi wa mahaifiyata ƙorafi a waya, cewa ta yi in gode wa Allah, ai fatauci ne, kakana ma yakan yi watanni a Gwanja wajen goro. Na ce to, don ba a musu da uwa. Amma kakana ya bar kakata ne a gidan da in ta yi tari mutum biyar za su ce sannu.

Wanda ya tsaya mini a madadin mutum biyar ɗin nan wata dattijuwa ce a hawan ƙasa, 'yar zangon Kumasi, wadda muke kira Hajiya. Ita ke riƙe mukullinmu na biyu. Ita ta nuna mini mahaucin da ba ya ha'inci, ita ta kai ni karatun mata na ranar Lahadi, tare muke shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, mu tafi masallacin Regent's Park sallar idi, tana faɗa da yara a Hausarta da ba ta damu da wane ne namiji wace ce mace ba. Shekaru na ɗauka kafin London ta zama wurin da nake fita in san inda zan sa ƙafa.

Shi ya sa ranar da maigida ya dawo ya ce suna so ya koma can gaba ɗaya, da iyali, na ji kamar an ce in kwance gidan da na gina da farce. Ya ce ko mu tashi duka, ko ya ci gaba da wannan zirga-zirga har illa masha Allahu, don aikin ya riga ya koma can. Sun ba shi zuwa ƙarshen wata ya amsa. Bai matsa mini ba, ba halinsa ba ne. Ya dai zauna a bakin gado yana cire safa, ya ce, "Maman yara, ba zan ce musu e ko a'a ba sai kin gani da idonki. Zuwa da kai ya fi saƙo."

Ya yi mana booking a hutun tsakiyar zangon karatu, Juma'a zuwa Lahadi. Wata mata a kamfanin za ta zagaya da mu mu ga gidan haya da unguwar makaranta. Na yi istihara, na kuma yi shiri. Sai dai shirin mai zuwa kasuwa ne ba da niyyar saye ba. Na riga na tsara a raina abubuwan da zan duba in rasa: masallacin kirki, naman halal, mace ko ɗaya mai hijabi a titi, wanda zai riƙe mini mukulli. Na tabbata zan dawo in ce masa, ka gani ko, na je na gani, ba wurin zamanmu ba ne. Da haka ba zai ce na ƙi don son raina ba.

Shi da yara fasfon Birtaniya gare su. Ni kuwa nawa kore ne na gida, da izinin zaman dindindin. Maganar in nemi zama 'yar ƙasa kullum sai mu ce baɗi, ga jarrabawa ga hidima. Bai taɓa zame mana matsala ba. A wurin aikinsu kowa cewa yake zuwa can kamar zuwa Manchester ne, shi ma haka yake gani duk mako, ya nuna fasfo ya wuce. Ni kuma a karatun da na yi a sakandare, taswirar da ke bango launi ɗaya ta shafa wa tsibiran nan biyu, ko kuma haka idona ya riƙe. Kuɗinsu daban ne, na sha tsintar sulallansu a aljihun wandonsa. Sun hana shiga da dambuna. Duk da haka babu wanda ya faɗo wa a rai a cikinmu cewa ƙasa ce mai ƙofarta.

A filin jirgi muka sani. Matar da ke karɓar kaya ta duba nasu uku ta ajiye gefe, ta ɗauki nawa tana buɗe shafi bayan shafi. Ta tambayi biza. Maigida ya gyara tsayuwa ya yi mata Turancinsa na ofis, ya ce matarsa ce, zaman dindindin gare ta, shi duk mako yake bin wannan hanya. Ta saurare shi har ya gama, ba ta ɗaga murya ba, ta ce izinin nan na zama a nan ne, can kuwa wata ƙasa ce, mai irin wannan fasfo sai da bizarsu. Ta ce ta yi haƙuri da mu ƙwarai. Ta kira wani babba, shi ma ya maimaita. Layi ya taru a bayanmu, 'yan jakunkunan kwamfuta suna duba agogo. Na ja ƙaramin gefe, na gyara mayafina, ban san inda zan sa idona ba.

Ban taɓa ganin maigida ya ji kunya irin ta ranar ba. Ya ce mu koma gida duka, zai kira matar kamfanin ya ba ta haƙuri. 'Yarmu ba ta yi kuka ba, ta dai rungume jakar bayanta ta zuba wa ƙasa ido. Tun da aka sa ranar take maganar teku, ta gaya wa duk 'yan ajinsu. Ni kuma, Allah ya sani, ƙasan kunyar akwai wani sanyi da ya sauko mini. Na ce a raina ga amsar istihara ta zo da kanta. Daga wannan sanyin ne na samu ƙarfin yin kyauta. Na ce su tafi su biyu, an riga an sa mutane jira, ni da ƙaramin mu koma.

"Ke fa aka shirya wa tafiyar," in ji shi.

"To ga wakiliyata. Ai ta fi ni ido."

Na ja ta kusa da wata kujera na durƙusa ina gyara mata zif ɗin rigar sanyi. Na ce ta buɗe ido da kyau. Ta duba masallacin, ta ga ko akwai wurin mata. Ta duba ko akwai inda ake sayar da nama irin namu. Ta ga ko akwai masu hijabi. Ta leƙa kicin ɗin gidan, ta duba bango ko yana da danshi. Na ce kada ta bari Abbanta ya gaya mata abin da za ta ce. Ta amsa da Turanci kamar kullum, ta ce ita ba 'yar leƙen asiri ba ce. Na ce yau dai ta zama.

Komawa ta fi zuwa nisa. Babban akwati, keken yaro, da yaron da ya gane an tafi an bar shi, yana kiran jirgi tun daga filin har Tottenham. Lif a lalace. Hajiya ce ta ji bugun akwati a matakala ta leƙo. Da na ba ta labari ta tafa hannu ta yi salati, sannan ta yi dariya har da riƙe ƙofa. Ta ce da na tambaye ta, ai haka aka yi wa ɗan ƙanwarta. Ta karɓi yaron ta sa ni na zauna, ta zuba mini shinkafa da wake. Da na ce mata ni dai na ɗauka Allah ne ya nuna mini ba alheri a tafiyar, sai ta kalle ni ta saman tabarau.

"Ke da mijinki kun manta biza, shi ne za ki ce istihara? Kar ki ɗora wa Allah lalacinku."

Na ce Hajiya ai ke ma ba kya so in tafi. Ta ce ba ta so mana, wa zai dinga kawo mata waina ranar Asabar. Amma abin da take so daban, gaskiya daban.

Kwana biyun nan gidan ya yi shiru irin wanda ban saba ba. Sun kira ta bidiyo, na ga gada da ruwa mai launin toka, na ga fuskarta cikin hular rigar ruwa, iska tana cinye maganar. Na ce kada ta ba ni labari a waya, ta adana mini.

Sun dawo Lahadi da yamma. Washegari babu makaranta, shi kuma ya fita ofishinsu na nan, sai na zaunar da ita a tsakanin ƙafafuna zan tsefe mata kai, iskar teku ta cukurkuɗa shi. A nan ta sauke aiken. Tana yi da Turanci, ina tambaya da Hausa, yadda muka saba.

Ta ce masallacin ba kamar na Regent's Park ba ne, kamar sito yake daga waje, a tsakiyar wuraren gyaran mota, amma akwai wurin mata, wata anti ma ta ba ta alewa ta tambayi ina mamanta. Shagon nama ta ga guda, ƙarami, kuma babu attaruhu. Masu hijabi ta gani, ba su da yawa. Gidan a kan tudu yake, sai da ta huta kafin su kai. Kicin ɗin ya fi namu, akwai fili a baya da igiyar shanya, bangon ɗaki ɗaya kuma yana warin ruwa. Mutanen suna magana da sauri kamar waƙa, ba ta gane rabin abin da direba ya ce ba amma ta yi dariya don Abba ya yi. Teku kuwa ashe ba a cikin garin take sosai ba, sai da suka shiga jirgin ƙasa zuwa wani ƙaramin gari mai gidaje launi-launi, a can ta gan ta, kuma sanyi ya hana ta cire takalmi.

Ina tsifa ina ajiye abin da zai yi mini amfani. Babu attaruhu. Bango mai danshi, ga yaro mai tari. Tudu, ga keken yaro. Na samu abin da na aike ta nema, har da ƙari.

Sai ta shiga labarin otal, wanda ban tambaye ta ba. Ta ce matar da ke bakin ƙofa ta san Abba, ba ta ko tambayi sunansa ba ta miƙa masa katin buɗe ɗaki, wai ɗakinsa na kullum. Ta ce ɗakin ƙarami ne, tagarsa tana kallon wurin ajiye motoci. Ya san alƙibla ba tare da ya duba waya ba, yakan ture kujera zuwa jikin bango ya shimfiɗa darduma tsakanin gado da taga, har ƙafar kujerar ta yi shaida a kafet. Kunun da nake ba shi a kofin shayi yake damawa da ruwan buta, ya sha a tsaye. Ta ce da suka sauka karin safe bai ko kalli teburan abinci ba, ya ɗauki ƙwai da burodi ya nufi wani lungu mai kujera ɗaya, sai da ya ga ta tsaya sannan ya tuna ya jawo ta biyu. Ta faɗi wannan tana dariya. Ni ban yi ba. Duk tsawon lokacin nan ina lissafin abin da tafiyar nan take ci a jikina, ban taɓa tambayarsa yadda yake cin abinci ba. Shi ma bai taɓa faɗa ba, kullum sai labarin gada da direbobin tasi.

Yau da nake wannan rubutu muna nan Tottenham har yanzu. Ya amsa wa kamfanin da e tun a makon da suka dawo, da bakina na ce ya amsa. Takarduna ne suke tafiyar hawainiya, an ce a jira, muna jira. Kwalaye sun fara taruwa a bayan kujera, Hajiya tana shigowa ta zauna a kansu tana yi mini gori, wai za ta ga wanda zai riƙe mini mukulli a garin kifi. Ban daina tsoro ba, kuma ban fara son garin ba. Litinin ma da ta wuce zif ne ya tashe ni. Matan karatun Lahadi in sun tambayi abin da ya juya ni, nakan ce musu fili da igiyar shanya, su yi dariya a wuce wurin.

Amma ranar tsifar nan, na kai ga kitson ƙarshe na ƙeya, ta kwantar da kai a cinyata har na ɗauka barci ne ya ɗauke ta. Sai ta ce akwai abu ɗaya da ta manta. Ta ce ranar Asabar ta riga shi shiga ɗaki da kati na biyu ta ɓuya a bayan labule don ta tsorata shi, shi kuma ya tsaya gaisawa da wani a hanya, ya ɗauka ta tsaya a banɗakin ƙasa, ba ta hauro ba. Ya buɗe ƙofa ya yi sallama a hankali, bai jira komai ba, ya juya yana cire takalmi. Da ta amsa daga bayan labule sai ya firgita har katin ya faɗi daga hannunsa. Ta ce ba tsoratarwar ce ta firgita shi ba, ai ba ta kai ga yi ba. Ta ɗago kai daga cinyata, matajin yana maƙale a gashinta, ta faɗa da Hausarta mai tuntuɓe, wadda ba ta cika yi mini ba.

"Umma, kullum yana yin sallama a ɗakin. Ya ce ni ce na fara amsa masa."